Kunnuwan Sandar Fitilar Ummi

Ƙofar Rini, Sakkwato.

Takwara, kafin gaisuwa tsaya in tambaye ki. Mi ne ne mai kunne huɗu amma ba ya ji, mai baki ɗaya amma ba ya cin tuwo, wuyansa na lanƙwasawa kamar na sabon suruki, hancinsa ƙofa ɗaya tak, kuma ranar da ya yi hamma sai an shafa wa wata man zafi a tsakar ka? Kada ki leƙa ƙarshen takarda, na san halinki. In kin kasa ki ba ni gari, amma ban da Birnin Kebbi, don wanga gari ya riga ya cinye mini ke.

To, yanzu assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya ke da akwatunanki masu karya ƙugu. Ina Gwaggonki Luba da maigidanta da yara? Allah Ya tsare ki a baƙon wuri, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki. Labarin gida ba zan ba ki ba, gida na nan inda kinka bar shi.

Abin da ke cikin kacici-kacicin nan yana kan cinyata yanzu haka, kuma naki ne. A kan tagar ɗakina kinka bar shi, ranar da kike haɗa kaya da waya maƙale a kunne. Ke da bakinki kin ce babu irinsa a kasuwar Sakkwato, daga Legas anka aiko miki, to ban ga inda za ki samo wani a Kebbi kafin Asabar ba. Asabar kuwa ita ce walimar maƙwabciyar Luba, aikinki na farko a can, taron mata zalla inda namiji mai hoto ba ya shiga. Kuma kina tsaye ubanki ya yanke magana: “In fitilar hoton nan ta sake faɗo wa ɗiyar wani a ka, ko aiki ya ɓaci anka kawo mini ƙara, ke da kyamara ku dawo gida. Shi ke nan.”

Dije mai tuwon madara za ta Kebbi gobe. In na ba ta abin nan, kin yi aikinki, kin zauna can. In na yi shiru, aiki ya ɓaci, kin dawo ɗakina kina cinye mini dabino. Tun hantsi nake juya shi a hannu, wallahi ban san wanne nake so ba. Bari dai in fara rubuta miki nasiha, wataƙila kafin biro ya ƙare in gane inda na dosa.

Ni dai ban roƙi wagga sana'a ba. Ubanki ne ya ce budurwa ba ta shiga gidan biki ita kaɗai da kyamara a wuya, sai da babba. Anka duba gida kaf, babbar da ba ta da aikin yi ni ce. Daga rakiya kinka maishe ni mai riƙon sanda, ni da ko rediyo sai an kamo mini tasha. Duk ɓarnar da za a iya yi da sandar fitila na yi ta, a gaban jama'a kuwa, don haka ki saurara. Wadda ta yi ɓarna ta fi wadda ta karanta a waya sanin inda abin yake ciwo.

Farkon abin da ya ruɗa ni juyi ne. Kin ce mini, “Inno, dama ɗaurewa, hagu kwancewa.” Na haddace kamar karatu. Ranar wani suna a Ƙofar Marke na tsaya gaban sanda na juya kunne, wato abin murɗawar nan, dama, ya ɗaure. Na zagaya bayanta don kada in fito a hoto, na miƙo hannu na juya daman nan dai, sai ya kwance.

Na ce, “Ummi, daman nan ta canza.”

Kinka ce, “Inno, ke kinka canza wuri.”

Na ce, “To ni hannun da nake cin tuwo da shi ai bai canza ba.”

Har yau ban gane wagga magana ba, kuma kada ki sake yi mini bayani. Abin da na gane shi ne, ki zagayo ki fuskanci kunnen ido da ido, ki juya shi yadda kike rufe kwalbar man zafi. Kwalba ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ki ɗaure abin da ba ki kallonsa, ko da amarya na kuka kwalliyarta na narkewa.

Sai kunnen ƙasa. Kin san ɗan ƙarfen nan da ke saman sanda, kamar babban yatsa, mai ƙugu a tsakiya, wanda abin nan ke zama a kansa kamar hula. Ni na ɗora ban fara kwance kunnen ba, sai ya tsaya a rabi kamar hular ɗan gaye. Na murɗa, na ji tauri, na ce ya kama. Da kinka ce in matso da fitila kusa da mai jego, na kama daga sama na ɗaga, na kama tafiya da ƙasaita, fitila da laima a hannuna. Ashe sanda na can baya tsaye ita kaɗai da ƙafafunta uku. Wata tsohuwa mai bakin tsiya ta ce, “Hafsatu, kin manta ƙafafunki!” Har yau in mun haɗu a asibiti sai ta duba ƙasa ta ce tana ƙirga mini su.

Saboda haka ki kwance kunnen sosai tukuna, ki bar abin ya zauna har ƙasa, sannan ki ɗaure yadda bakin kusar kunnen zai shiga cikin ƙugun nan. In ya shiga ƙugu, ko ya ɗan saki ba zai fita ba. In kin gama, ki kama ki ɗan ɗaga. In sanda ta biyo ki, madalla. In ta tsaya tana kallonki, sake.

Yanzu ga babbar ɓarna, ta walimar saukar karatu a unguwar Minanata, wadda ta jawo miki sharaɗin ubanki. Ke kina can kina jera 'yan sauka, ba ki ga farkonta ba, to ga yadda anka yi. An kawo mana masa da miyar taushe, na ci, na sha mai har gwiwar hannu. Kinka ƙwala mini kira, “Inno, sa fitila!” Na goge hannu a gefen zane na tashi. Ƙafar fitilar nan, filasha ɗin da kike faɗi, tana da ɗan zobe mai juyawa a samanta. Zoben yana ƙasa, ban ɗaga shi ba, don haka ƙafar ta shiga bakin abin nan rabi ta tsaya. Na kama kunnen gefen baki na murɗa, yatsuna na sulɓewa, ni ina jin kamar na ɗaure duniya. Munka ɗaga sanda sama, munka sunkuyar da kanta. Wa ke zaune daidai ƙarƙashi? Hajiya Ige, matar malamin da ya karantar da ubanki tun yana ɗan tsito.

Fitila ta sulɓo. Ƙwas! Kuma don tsiya, da ta bugi kanta sai ta yi walƙiya. Hajiya ta dafe kai ta ce, “Innalillahi! Aradu, jama'a, aradu!” Sama kuwa ko ɗigon gajimare babu. Allah Ya taimake mu ɗaurin ɗankwalinta ya kai girman faifai, shi ya shanye rabin dukan. Da ta gane abin da ya faɗo, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, “Hafsatu, da girmanki?”

Na ce, “Hajiya, ba ni ba ce, masa ce.”

Ba ta yi dariya ba. Ƙulu ya fito mata kamar ƙwan zabo. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Na ce wa ubanki laifina ne, ya sunkuyar da kai don ba ya iya yi mini faɗa, ya ce, “Inno, wa ya ba ki aikin?” Sai faɗan ya sauka a kanki.

To ki ji. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa kunnen baki. Ki ɗaga zoben ƙafar sama, ki tura ƙafar har ta shige duka, ki ɗaure kunnen gefe, sannan ki sauko da zoben ya danne. Ko zoben ne farko sannan kunnen? Tsaya. A'a, yadda na faɗa da farko, kunne sannan zobe. In na juya miki su, ki bi wanda kinka koya mini, ke ce malamar. Bayan nan ki tara tafin hannu a ƙasa, ki kama fitilar ki girgiza ta kamar kina tashin yaro mai nauyin barci. In ta motsa, ba ki gama ba. Kuma kada ki ɗaure da ƙarfin daka, ƙafar roba ce, zafin garinmu ya riga ya gasa ta, tsagewa za ta yi. Wanga kunne kada ki ba kowa shi, ko Luba, ko wadda ta ce ta yi digiri. Sannan ki duba wa ke zaune a ƙarƙashi. In matar malami ce, ki matsa.

Af, na tuna. Ɗan baƙin salatif ɗin nan da kinka manna a cikin bakin, wanda na kankare da wuƙar goro don na ga kamar datti ne. Kin tuna yadda fitila ta dinga walƙiya ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta, har na fara karanto ayoyin tsari? Kinka ce 'yan ɗigon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarta ne ke taɓa ƙarfen baki. Ni ban ga abin faɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba, amma na ga abin da ya faru. Na duba yanzu, sabon da kinka manna yana nan, ban taɓa shi ba, ko da yake hannuna na ƙaiƙayi.

Kunnen wuya shi ne mai cizo. Ranar da na kwance shi ban tallafi kan ba, laima da fitila sunka rusuno gaba ɗaya kamar suruki ya ga uwar matarsa, wuyan ya datse mini yatsa. Farcen nan sai da ya yi baƙi ya fita. Hannu ɗaya ya riƙe kai, ɗayan ya kwance, kullum. In kin sami karkatar da kike so, ki ɗan motsa har ki ji haƙoran cikin wuyan sun shiga juna, sannan ki ɗaure. In haƙori ya hau kan haƙori, zai yi miki kamar ya kama, sai an fara guɗa ya saki.

Laima kuwa, ita ce ta gama rikita ni. Ta ruwa na sani, ta rana na sani, wagga fara sol ba ta tare ko ɗaya. Kuma fitila ta juya wa mutane baya ta fuskanci laima, amma mutanen ne ke fitowa da haske. Na tambaye ki, kinka ce hasken dawowa yake yi. Daga ina? Wa ya aike shi? Bar shi dai. Abin da na sani, hancin da sandar laima ke shiga a karkace yake, yana da gaba yana da baya. Na taɓa zura ta ta baya, fitila ta dinga haska gefen laima da sararin Allah, matan sunka fito a hoto kamar an ɗauke su a cikin rumbu. Ki zura, ki koma baya ki duba, idon fitila ya kalli tsakiyar laima. Kuma ɗan kunnen hancin nan, taɓawa kaɗan ya isa. Sandar laima holoƙo ce a ciki. Lotsawar da ke jikin taki, wadda kike cewa ta mota ce, kin dai san ba mota ba ce.

Kada ki yarda da iskar tsakar gida, musamman in hadari ya haɗo. Laima buɗe a kan sanda jira take a ce mata tashi. Kin ce a danne ƙafafu da abu mai nauyi, ni kuwa a wani gidan biki na ga ƙullin gero a bakin madafa, na ce ga nauyi har nauyi. Na ɗaure shi gam a gindin sanda da igiya, na koma na zauna ina jin daɗin wayona. Ban san gidan na da tunkiya ba. Ta zo ta sa baki ta ja ƙulli, ƙulli ya ja sanda, sanda ta bi tunkiya, ni na bi sanda ina salati, yara na bina suna ihu. Da ƙyar na cafke ta a bakin rijiya. Rairayi za ki zuba a buhu, ko ki cika jarka da ruwa. Abin da dabba ba ta ci. Ki buɗe ƙafafun sosai, ƙafa ɗaya ta kalli inda laima ta karkata. Kuma sandar nan ba dole ne ta kai ƙarshen tsawonta ba, ba hasumiya kike ginawa ba.

Saura abu guda, shi ne ya fi damuna. Matanmu in sun shigo taro sunka ga abu tsaye mai kunnuwa, maratayi sunka gani. Wagga ta rataya jaka, waccan ta rataya gyale don za ta alwala, wata ta dafa tana cire takalmi, mai lafaya ta wuce gefen lafayarta ya maƙale a kunne ta ja. Na taɓa tashi shan ruwa na dawo na tarar da jakunkuna a kan kunnen wuya har ya fara saki. Tun ranar ban sake tashi ba. Duk ɗaurin da za ki yi, bai kai tsohuwa mai kaifin baki a kan kujera a gindin sanda ba. Ke yarinya ce, ba ki iya ce wa Hajiya ɗauke jakarki. Ni ina iyawa, har in ƙara da tambayarta ko a gidansu fitila ake rataya wa kaya.

To a Kebbi wa zai zauna miki? Ki ce wa Luba ta nemo miki tsohuwa, ki ba ta goro da kujera mai jingina, ki ce mata aikinta faɗa kawai. Kada ki ba ta kunne ko ɗaya ta murɗa. Kuma kada ta fi ni iya labari. In ta fi ni, kada ki faɗa mini.

Nan na tsaya da rubutu ɗazu, don ubanki ya shigo gaishe ni bayan azahar. Na yi sauri na ja gefen zane na rufe abin nan, amma kunne ɗaya ya leƙo.

Ya ce, “Inno, mi ne ne wanga?”

Na ce, “Abin goga goro ne. Sabon yayi.”

Ya miƙo hannu biyu, na ba shi. Ya juya shi, ya murɗa kunnen wuya ya kwance ya ɗaure, ya leƙa cikin baki. Ni na ɗauka aljihu zai sa, magana ta ƙare ba da hannuna ba, har na ji wani sanyi-sanyi, kuma na ji haushi, duk a lokaci guda.

Sai ya ce, “Abin goga goron nan, ba ranar Asabar ake bukatarsa a Kebbi ba?”

Na ce, “Ni ina na sani? Ni da ban yi boko mai zurfi ba.”

Ya mayar mini da shi kan cinya, ya ce, “Ɗakinki fa ya yi shiru, Inno.” Ya tashi. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, “Ke kinka rene ta.” Ya sa takalmi ya fita.

To ke ki fassara mini. Riƙe ya ce ko aika? Mutumin da ya kafa sharaɗi da bakinsa, ya ga hanyar da za ki dawo a sauƙaƙe, bai ɗauka ba, bai kuma ce in bayar ba. Ya bar ni da ƙarfe a cinya. Tun yana yaro haka yake, in ya rasa yadda zai yi da abu sai ya ajiye mini ya tafi masallaci.

Na zauna na yi ta tunani, sai na hango ki ranar Asabar. Kin buɗe akwati, kin zazzage, babu. Na san ki, jinina ce ke, ba za ki ce wa matar gida a fasa ba. Ƙyalle za ki yaga ki ɗaure fitila a kan sanda, don kin sha ganin ina ɗaure komai da ƙyalle. Za ta tsaya har a fara rabon abinci, sannan ta sulɓo kan wata, wataƙila mai ƙaramin ɗankwali, wataƙila mai goyo. Daga nan a sako ki a mota. Ki shigo ɗakin nan kanki a ƙasa, ki sa kyamara ƙarƙashin gado, ki zauna kina amsa mini da “to, Inno” kamar baƙuwa. Na duba wagga yarinya da kyau, na ga ba ita nake kewa ba. Wadda nake kewa ita ce mai shigowa ba sallama ta ce in gyara zama hasken taga ya yi kyau, ta ɗauke ni ina hamma ta nuna wa duk gida. Waccan kuwa ba ta dawowa ta hanyar ɓacin aiki.

Na aika an kira Dije. Ta ce da sassafe za ta tasha, kuma hannu da hannu za ta ba Luba. Har yanzu ban ce na ji daɗi ba, kada ki ɗauka na ji. In kin zo hutun salla ki zo da hotunan walimar in duba ko akwai mai ƙulu a ka.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare kawunan matan Kebbi. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya ba ki haƙuri da masu cewa a sake ɗauka sun rufe ido. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ji maganar Gwaggonki, kada ki tsaya a gidan biki bayan an watse. Allah Ya kai takardar nan lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya da kanki a sama. Amin summa amin.

Ni ce kakarki kuma takwararki,
Inno Hafsatu.

Garin da za ki ba ni ki riƙe abinki. Amsa ita ce adaftar kan sandar fitilarki, wadda ke haɗa sanda da fitila da laima. Tana cikin ƙullin nan, naɗe a tsohon ɗankwalina, a ƙarƙashin tuwon madara.